Tekun da Shekari Ya Zana a Makera

Shekari mutumin wajen Zonkwa ne. Ruwan da ya fi girma a ƙauyensu wani rafi ne da yara ke tsallakewa da rani ba tare da sun naɗe wando ba, amma tun yana makarantar mishan ya ƙwallafa rai a kan teku. Da ya zama saurayi ya hau jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Legas, neman shiga sojan ruwa. Likitan da ya duba su ya ce idonsa na hagu ba ya gani sosai, aka sallame shi. Ya je bakin ruwa ya wuni yana kallon jiragen yaƙi masu launin toka, sannan ya kamo hanyar arewa. Bai sake komawa Legas ba.

A Kaduna ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen zane, inda ake fitar da furanni da tsuntsayen da ake bugawa a jikin atamfa. Ya auri Celina, mai sayar da acca da doya a kasuwar Kakuri, suka kama haya a Makera, suka haifi 'yarsu Eunice. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya shan giya, ba ya shiga musun ƙwallo. Abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne wasan da ya ƙirƙiro.

Ya samo wani faffaɗan falanki ya zana taswira a kai da ragowar rinin kamfani. Taswirar ba ta wannan duniyar tamu ba ce. A duniyar Shekari tafkin Cadi bai taɓa janyewa ba, ya cika ya batse har ya haɗe da Binuwai da Neja, ƙasar duka ta zama teku mai tsibirai. Turawa sun zo sun ga ba dama sun koma. Saboda haka Borno da Kano da Zazzau kowa na da rundunar jiragen ruwa, su ake kira Ƙawancen Tafki. Nufe da Kwararrafa da Igala kuma su ne Ƙawancen Mahaɗa, su ke riƙe da mashigin Lokoja, inda duk jirgin da zai fita babban teku sai ya ratsa. Jiragen kuwa da tsofaffin kwarkwaron zare ya sassaƙa su, kowace ƙasa da launinta. Duk wanda ya riƙe ƙasa a wasan ana ce masa Sarkin Ruwa.

Ana zama ne ranar Asabar da Lahadi da yamma, a rumfar da ke bayan gidan hayar. Kafin kowa ya taɓa jirgi sai a tashi bibbiyu, a koma gefen katanga ana ƙus-ƙus. A nan ake ƙulla alkawari, a nan ake sayar da aboki. Borno na iya rantse wa Kano cewa suna tare, alhali ta riga ta shirya da Nufe. Dokar wasan ta yarda da ƙarya a wajen ƙus-ƙus, kuma wannan ne ya sa manya masu iyali suke manta cin abinci a kansa.

'Yan wasa suna zuwa suna tafiya, amma uku ba sa fashi. Akwai Ambrose, ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan babur, wanda kullum Igala yake riƙewa, kuma bakinsa ba ya shiru. Akwai Malam Yahuza, Bazazzagi, mai gyaran injin saƙa a kamfaninsu Shekari, wanda ke yin alkawari cikin sanyin murya har mutum ya ji kunyar zarginsa. Sai Benson, tsohon soja daga Binuwai da aka sallama bayan ya dawo daga yaƙin ƙasar waje, yana gadi a wani kamfanin Kudenda. Benson ne ya matsa a ƙara wata doka: idan rundunar ƙasa ta sha kashi sau da yawa, Sarkin Ruwa na iya tuɓe sarkinsa ya sauya ƙawance. Suka sa wa dokar suna kifar da gado. Shekari bai so sunan ba tun farko, amma aka yi masa dariya, ya bari.

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin miƙa mulki, gari ya cika da raɗe-raɗi. An yi zaɓe, an sa rana a ƙarshen watan Mayu, amma ba wanda ya sakankance. A bas, a wajen mai shayi, a bakin coci, kowa na cewa ya ji akwai hafsoshin da ba su yarda su koma bariki ba. Mutane ba su manta waɗanda aka kwashe a shekarun baya saboda zancen juyin mulki ba, har da waɗanda laifinsu kawai sun san wani da ya san wani.

A cikin wannan yanayi ne Benson ya daina zuwa. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, kujerar Kwararrafa ba kowa. Ambrose ya je Kudenda ya dawo ya ce abokan gadin Benson sun ce wasu mutane ne suka zo da mota suka ce ana son ganinsa, kuma daga nan ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Ranar ba a yi wasa ba. Malam Yahuza ya ba da shawara a ɗauke falankin daga rumfa. Shekari ya shigar da shi ɗaki ya jingina bayan ƙofa, ya rufa masa tsohon zane. Celina ta ce ya fasa shi ta yi girki da shi. Ya ce laifin me suka yi? Ta ce ita ba ta ce sun yi laifi ba.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya tashi ya leƙa. A wajen aiki ya ɓata zanen atamfa har shugaban sashe ya tambaye shi ko ba shi da lafiya.

Sun zo ne wata Laraba bayan azahar, ya dawo daga aikin safe ke nan yana wanke ƙafa a tsakar gida. Maza biyu cikin kayan gida, ɗaya dogo ɗaya gajere mai kauri. Suka yi sallama da ladabi, suka tambaya ko shi ne Malam Shekari mai taswira. Gajeren ya shiga ɗaki kai tsaye kamar ya san inda abin yake, ya fito da falankin da gwangwanin jirage. Matan gidan duk suka shige ɗakunansu suka ja labule. Celina tana kasuwa, Eunice tana makaranta. Ya roƙa a bar shi ya bar saƙo, dogon ya ce ai yanzu zai dawo.

Motarsu farar fijo ce marar lamba. Aka sa shi a baya, falankin ya tokare masa gwiwa. Da suka hau gadar kogin Kaduna suka nufi arewa, ya leƙa ya ga mata na wanki a kan duwatsu, ya ji kamar ya ƙwala musu kira su shaida sun gan shi. Ko addu'ar Ubangiji da ya haddace tun yana yaro ta ƙi zuwa masa daidai.

Gidan da aka kai shi ba allo a ƙofarsa. Aka karɓi takalmansa da bel, aka sa shi wani ɗaki mai taga ƙarama can sama, tare da wasu mutane da ba wanda ke tambayar wani dalilin zuwansa. Ba a doke shi ba. Sai dai lokaci-lokaci a kan ji wata ƙara daga can cikin gidan, kowa ya sunkuyar da kai har ta lafa. Ya yi ta saurare ko zai gane muryar Benson, yana kuma roƙon Allah kada ya gane.

Sai da ya kwana biyu aka kira shi. A ofishin ya tarar da falankinsa shimfiɗe a kan tebur, an zube jiragen a tsakiyar tafkin Cadi. Bayan teburin wani mutum ne mai furfura a gefen kai, sanye da farin kaftani, idanunsa jajur kamar wanda shi ma ya daɗe bai yi barci ba. Yaransa na ce masa Oga. Ya nuna wa Shekari kujera, ya tambayi sunan mahaifinsa da ƙauyensu da cocinsu. Ya tambaye shi abin da ya kai shi neman aikin sojan ruwa, da ko yana jin haushin ƙin ɗaukarsa da aka yi. Shekari bai taɓa gaya wa kowa a Makera wannan labarin ba in ban da 'yan rumfa.

"An ji abokinka mai shagon babur a wajen mai shayi," in ji Ogan. "Ya ce ranar Asabar za ku rufe Lokoja, in Benson ya kawo jiragensa ku gama da mutanen arewa. Wace Asabar ce?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne. Mutanen arewa yana nufin Borno da Kano na cikin katako. Ga su nan."

"Su waye a cikin Ƙawancen Mahaɗa?"

Shekari ya ce Nufe da Kwararrafa da Igala. Ogan ya ce ba ƙasashe ya tambaya ba, mutane. Shekari ya kalli jiragen. Ya ga yin shiru zai ƙara masa laifi, ya kuma tuna an riga an ambaci shagon babur da Benson, sai ya ce ba a dawwama a ƙasa ɗaya, duk wanda ya zo ya zauna inda ya samu. Ogan bai matsa ba. Ya ce tunda wasa ne, a yi shi a gabansa ya gani.

Aka kira dogon da gajeren da suka kamo shi. Dogon ya riƙe Kano, gajeren ya riƙe Nufe, Shekari ya ɗauki Borno, Ogan ya ce shi ɗan kallo ne. Shekari ya jera jiragen, har ya kifar da wasu wajen jera su. Ya yi bayanin yadda jirgi ke tafiya da iska, da yadda jirage biyu ke cin ɗaya, da harajin da mai riƙe da Lokoja ke karɓa. Sannan ya ce yanzu sai a tashi a yi ƙus-ƙus. Ogan ya ɗaga gira, ya ce to a yi yadda aka saba.

Gajeren ya ja Shekari bayan ƙofa. Suna tsaye kusa da juna har Shekari na jin ƙarfen bindigar da ke ƙugunsa a jikin hannunsa. Ya buɗe baki zai ce Borno na neman Nufe ta bar mata hanya, sai mutumin ya riga shi, da murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ina tausayinka ne. Benson yana ɗakin baya, ya riga ya faɗi komai, har wancan abin da kuke yi wa sarki. Oga jira kawai yake ya ga ko za ka ɓoye. In ka ɓoye, ba ruwana."

Suka dawo tebur. Shekari ya zauna. Shekara da shekaru yana tsayawa gefen katanga ana yi masa ƙarya yana ganewa, daga yadda Ambrose ke sosa wuya ko yadda Malam Yahuza ke gyara hula. Wannan fuskar kuwa bai san ta ba. In gaskiya ne Benson ya faɗa, shirunsa zai nuna akwai abin da ake ɓoyewa. In kuma tarko ne, to da bakinsa zai ɗauko kalmar da ta fi kowace haɗari a ƙasar a wannan watan ya ajiye a kan tebur. Ya tuna Eunice tana dawowa makaranta ta tarar ba ya nan.

Ya ce, ranka ya daɗe, akwai sauran doka ɗaya da bai faɗa ba. Ya bayyana ta dalla-dalla, da sunanta, da lokacin da ake amfani da ita. Ogan ya saurara bai ko motsa ba. Da Shekari ya gama sai Ogan ya tambaye shi wa ya kawo dokar. Shekari ya ce duka suka yarda da ita. Ogan ya ce ya ji, amma wa ya fara kawo ta? Shekari ya ce Benson ne, ya yi sauri ya ƙara da cewa don wasan ya yi armashi ne kawai, kuma shi Benson ɗin ko sau ɗaya bai taɓa cin wasa da ita ba.

Ogan ya ɗauki jirgi ɗaya na Kwararrafa ya jujjuya shi a tafin hannu. Ya ce ya yarda katako ne da zare. Ya ce amma a wannan watan, in wani abu ya faru a ƙasar nan aka gano an kawo masa rahoton tsohon soja da taswira da zancen tuɓe sarki ya yi dariya ya sallame su, shi ne zai koma ɗakin da Shekari ya fito. Ya sa aka mayar da Shekari ɗakin.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko wuya. Ba a sake kiransa ba. Duk sanda aka taɓa sakata sai ya miƙe, ya ɗauka Ambrose ko Malam Yahuza za a turo. Abinci ya daina wuce masa. Wani dattijo a ɗakin, direban tanka, shi ya riƙa tilasta masa shan kunu yana cewa ko me za a yi masa gara a same shi da ƙarfi.

Ana saura 'yan kwanaki a miƙa mulki, dogon ya buɗe ƙofa da hantsi ya miƙa masa takalmansa. Ba wanda ya ce masa an wanke shi, ba wanda ya ba shi haƙuri. Aka ce ya tafi, kuma ya manta hanyar gidan. Ya tambayi falankinsa, dogon ya nuna masa ƙofa. Da ƙafa ya taka har gada, don bai yarda ya shiga motar kowa ba. A kasuwa ya sami Celina. Ta ɗago ta gan shi, mudun accan da ke hannunta ya zube. Ba ta yi kuka a nan ba, ta kama hannun rigarsa kawai ta riƙe har gida, tana cewa, "Baban Eunice, ka rame."

A gida ya ji abin da ya faru a bayansa. Ambrose ya rufe shago ya tafi garinsu tun ranar da aka kama Shekari. Malam Yahuza kuwa shi ya riƙa raka Celina daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina a ce ba a san da maganar ba, har shugaban sashensu ya gargaɗe shi kan fashin aiki. Ranar miƙa mulki duk gidan aka taru a ɗakin mai talabijin, ana tafi ana guɗa da aka ga sojoji sun sara wa farar hula. Shekari ya zauna a bakin ƙofa inda zai iya ganin titi.

Benson bai fito ba sai da damina ta yi nisa. Ya zo Makera wata Lahadi bayan an taso coci, yana jan ƙafar dama, wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyi. Suka zauna a rumfar da ba komai a cikinta sai benci. Shekari ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya tambaye shi ko shi ya fara gaya musu dokar kifar da gado. Benson ya girgiza kai. Ya ce shi soja ne, ya san abin da ba a furtawa a irin wannan ɗaki. Masu tuhumar sun ji an ambaci sarki ne kawai a rahoton da aka kai musu, ba su san ma'anarsa ba. Har an fara maganar sakinsa, sai wata rana aka dawo da shi ofis aka ce an samu wanda ya ce shi ya kawo dokar.

Shekari ya rasa inda zai sa idonsa. Benson ya dafa masa gwiwa.

"Oga Shekari, kai ba a koya maka ba. Ni ma ranar farko da na shiga hannu a can waje, har sunan kakata na faɗa."

Ya sha ruwa, ya gaida Celina, ya tafi. Aikin gadin ya riga ya kuɓuce masa, ba a jima ba ya kwashe iyalinsa ya koma Gboko.

Ambrose ya dawo bayan gari ya lafa, ya rantse shi bai faɗi wata magana a wajen mai shayi da ba ya faɗa kullum ba. Shi yana zargin wanda ya kai rahoton shi ne mai gidan hayar, wanda ya daɗe yana son rushe rumfar ya gina shago. Malam Yahuza yana ganin wani ɗan kallo ne da ya zo sau biyu da jarida a hannu. Akwai kuma masu cewa ai daga cikin 'yan wasan ne, wani da aka ci amanarsa a gefen katanga ya riƙe abin a rai. Da suka matsa, Shekari ya sake zana taswirar a ƙaramin katako, amma ya ce babu sauran tashi gefe, duk mai alkawari ya yi shi da ƙarfi kowa na ji. Aka gwada 'yan makonni. Ba wanda ya iya cin amanar wani a bainar jama'a, jirage suka yi ta zagaye ba yaƙi, mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ta zagayo rikici ya ɓarke a Kaduna, garin ya rabu, Malam Yahuza ya kwashe iyalinsa ya koma hayin kogi. Shekari ne ya taya shi ɗaure kaya a bayan a-kori-kura. Bayan wasu shekaru masaƙar ma ta tsaya. Shekari ya buɗe 'yar rumfa kusa da tashar Kakuri yana rubuta allunan shaguna, daga baya har da zane a bayan keke mai ƙafa uku. Da wannan ya ƙarasa karatun Eunice, wadda yanzu take aikin jinya.

Yana nan a Makera har yanzu, a layin da aka ɗauke shi. Mai gidan hayar ya gina shagonsa, mai shayin ya tsufa ɗansa ya gaje shi, wasu daga cikin matan da suka ja labule sun zama kakanni. Shekari bai taɓa sanin wanda ya kai rahoton ba, ya kuma hana Celina bincike. Kowace safiya in zai fita yakan gaida su gida-gida, kowa da sunansa, amma ba ya zama a bencin kowa.